Waiwaye: Littafin Yaɓe na Baba

Ruwan Agusta ya kwana yana zuba, da asuba muka tarar katangar bayan gidanmu na gado a unguwar Koki ta zauna. Muna kwashe kaya daga ɗakin marigayi Baba sai na ci karo da wani tsohon littafi da rubutun ajami. A ciki yake rubuta abin da gida ya ci duk shekara: mangala nawa ta jar ƙasa, azara nawa aka sauya, kuɗin makuba, ladan magini, har abincin leburori.

Na zauna a zaure ina buɗa shi shafi bayan shafi, ban ga shekarar da aka tsallake ba. Duk bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa daga gabas, sai Baba ya kira magini a hau soro, a share bakin indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Ƙasa daga kududdufin unguwa ake haƙo ta, jaki ya kawo. Makuba daga kwasfar ɗorawa, azara daga giginya, katsin yin laso kuwa daga marina irin ta Ƙofar Mata. Kusan komai yana cikin ganuwa ko ƙauyukan kewaye. A wurin mutanen wancan zamani, babu abin da ya haɗa dalar Amurka da kuɗin gyaran gida.

Daga tsakiyar littafin ne baƙin kalmomi suka fara shigowa: siminti, kwano, ƙusa, fenti. Fam da sule suka ba naira wuri a 1973. Bayan 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP darajar naira ta faɗi, sai lambobin suka riƙa tsalle maimakon tafiya.

Inda Baba ya ajiye alƙalami, ƙwaƙwalwata ta ɗauka. Wajen 2019 buhun siminti bai fi kusan naira 2,500 ba. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana kan 7,000 zuwa 8,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A kasuwar Ƙofar Ruwa, in ka tambayi kuɗin bandir ɗin kwano ko rodi, mai shago zai gaya maka farashin na yau ne kaɗai.

Mu na cikin birni wahalarmu biyu ce. An cike kududdufai da yawa an gina, don haka ita ma jar ƙasa sai tifa ta kawo daga bayan gari da kuɗin gas. Tifa kuma ba ta shiga lungu, sai a zube a bakin titi a biya masu baro.

Duk da haka, ba tsada kaɗai ta rushe katangarmu ba. Shekara uku muna ganin tsagar. Mu magada kowa yana jiran ɗan'uwansa, dukanmu muna jiran kaya su sauko. Abin da buhu biyu zai gyara ya koma aikin bulo da rodi da tushe sabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan sama ma haka.

Darasin da littafin ya bar mini shi ne gida yana da haƙƙinsa na shekara, kamar yadda gona take da nata. A riƙa rubuta abin da aka kashe, kuma a ƙirga shi da buhu da bandir, domin naira awo ne mai motsi. Magada su buɗe asusun gida. In kuɗi sun samu a sayi kwano da katako a ajiye, siminti kuwa a saye shi daf da aiki don kada danshi ya daskarar da shi. A kira magini tun rana tana da zafi.

Akwai sauran fararen shafuka a ƙarshen littafin Baba. A na farkonsu na rubuta kwanan wata da kuɗin katangar nan, a ƙasa kuma na sa ranar da magini zai hau soro a bazara mai zuwa, in Allah ya kai mu.