Kada ka sayar da 5D ɗinka don ka ga ana yayin marar madubi

Yau maganar ta masu ɗaukar hoto ce, musamman ƙannenmu na Gwandu da Kalgo da ke cin abinci da wannan sana'a a wajen biki da suna da walima.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro yana da tsohuwar Canon 5D Mark III ko Nikon D750, ko kuma ya yi adashi ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi ta hannu, sai abokai su ce masa ai zamanin DSLR ya wuce, ya nemi marar madubi, wadda masu shago ke kira mirrorless. Ni dai ra'ayina shi ne: in hoto ne ke ciyar da kai, kuma kuɗin hannunka ba zai wuce ƙaramar marar madubi irin Canon R50 ko RP ba, to riƙe tsohuwarka da kyau. In kuwa bidiyo ne ya fi kawo maka kuɗi, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Da farko mu san bambancin. A cikin DSLR akwai ɗan madubi da ke karkata haske zuwa ramin da kake sa ido, abin da kake gani ta nan shi ne ainihin abin da ke gaban lens. Da ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, shi ne ƙarar nan "ƙwas" da muka saba ji. Marar madubi kuwa an cire shi gaba ɗaya. Haske na sauka kan sensa kowane lokaci, kai kuma ɗan allo kake kallo a cikin ramin. Duk wani alheri da duk wata matsala da za ka ji a ƙasa, daga nan suka taso.

Masu cewa DSLR ta tsufa ba ƙarya suka yi ba. 5D Mark III ta fito a 2012, D750 a 2014. Canon da Nikon duka sun fitar da manyan marasa madubinsu a 2018, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya ce 1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan DSLR ɗinsu. Kamfanoni sun juya baya. Amma juya bayan kamfani a Japan bai rage wa hoton amarya kyau a Gwandu ba. Hasali ma shi ya sa Turawa ke ta zubar da nasu, su da lens ɗinsu, kayan suna iso mana da sauƙi fiye da da.

Abin da mai shago ba zai tsaya ya faɗa maka ba shi ne girman sensa. Zai ce maka R50 tana da megafiksel 24, 5D Mark III kuwa 22 ne, wai ka ga sabuwar ta fi. Malam, ba a nan take ba. Sensar 5D faɗinta milimita 36 ne a 24. Ta R50 wajen 22 a 15. Ka lissafa, ta 5D ta ninka ta sau biyu da rabi har da ɗori. Babbar sensa ta fi tara haske, ita ce ke ba ka wannan hoton da fuska ta fito tas, bayan kuma ya narke. Sannan ƙaramar marar madubi yawanci da ɗan lens ɗin kwali take zuwa, wanda bakinsa ba ya buɗewa sosai. Ka shiga ɗakin amarya bayan magariba, ƙwan fitila ɗaya ne a sama, mata sun cika ɗaki, za ka gane 5D da ɗan lens 50mm f/1.8 mai arha ta yi masa nisa. RP ita babbar sensa gare ta, ba a nan matsalarta take ba.

Matsalarta batir. A gwajin da kamfanoni ke bi, 5D Mark III na yin hoto wajen 950 da caji ɗaya, D750 ta haura 1,200, RP kuwa wajen 250. Dalili a fili yake: DSLR ko tana kunne ba ta cin wuta sosai sai ka danna, marar madubi kuwa sensa da allo suna ta shan wuta kana tsaye kana jiran liman ya iso. Duk wanda ya san yadda wuta take a garuruwanmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tafi ɗaurin aure ƙauye da safe, daga can a wuce kai amarya, ba inda za ka yi caji. Da 5D batir biyu sun ishe ka wuni. Da RP sai ka cika aljihu. Gaskiya dai akwai inda sabbin suka rama, da yawansu ana iya yi musu caji ta USB da fawa bank, abin da 5D ba ta yi. Amma akwai 'yar cajar batirin Canon mai amfani da USB, ba ta da tsada, ka neme ta ka huta.

Sai ƙura. Wanda bai yi hunturu a Kebbi ba ba zai gane ba. Ka cire lens daga DSLR, madubi da labulen shota suna tsare da sensa. Ka cire daga RP ko R50, sensar ce tsirara tana kallon iska. Manyan irin R5 da R6 suna rufe labule in an kashe su, ƙananan ba sa yi. Sau biyu ka canja lens a filin hawan sallah, dawaki na tada ƙasa, sai ka dawo gida ka tarar da ɗigo-ɗigo a kan kowane hoton da sama ta fito. Kuma in kyamara ta samu matsala babba, sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, ka yi makonni ba aiki.

Na ƙarshe a wannan ɓangaren, kuma shi ne ya fi damuna: ramin memori. 5D Mark III da D750 kowacce rami biyu gare ta, za ka iya saita ta ta rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci ɗaya. RP, R50, R10, R8, duk rami ɗaya ne. Katin memori na mutuwa, ballantana jabun da suka cika kasuwa. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ranar da ka je ka ce wa uban amarya hotuna sun ɓace, a gari kamar Gwandu da kowa ya san gidan kowa, ba aikin nan kaɗai ka rasa ba.

To a ina marar madubi ta yi gaba? Wurare ne na gaske, ba zan ɓoye ba.

Fokas ɗinta na bin ido. Ka ɗaga kyamara, ta kama idon ango ta riƙe, ko yana tafiya. A 5D kai ne za ka zaɓi maki ka ɗora a ido, sabon shiga kuwa rabin hotunansa kan hula ko kafaɗa fokas ke sauka. Sannan tana nuna maka hasken hoton tun kafin ka danna. Wannan na da amfani ƙwarai a wajenmu: farar shadda a ranar azahar, fuska kuma baƙa a ƙarƙashin hula. Ka biye wa fuska riga ta ƙone, ka biye wa riga fuska ta nutse. A nan 5D Mark III na da rauni sananne, in ka jawo duhu da yawa wajen gyara sai hoton ya yi yashi-yashi har da layuka. D750 ta fi ta haƙuri nesa ba kusa ba, shi ya sa in daga farko za ka fara, ba ka da lens ko ɗaya, ita nake cewa ka duba. Akwai kuma ɗauka ba ƙara, abin da ke da daɗi a masallaci ko wajen ziyara a hubbaren Malam Abdullahi, sai dai ka kula, a ƙarƙashin wasu fitilun LED takan zana wa hoto ratsi.

Babban wurin shi ne bidiyo, kuma a nan ne Kalgo ta bambanta da Gwandu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi na nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai kuwa ɗan gajeren bidiyo suke so na ranar gama jarrabawa, wanda za su ɗora a TikTok da WhatsApp a daren. 5D Mark III na ɗaukar bidiyo, amma iyakarta 1080, tana yankewa kafin minti 30, kuma fokas ɗinta ba ya bin mutum, da hannu za ka yi ta murzawa. Ga nauyi, ta kusa kilo ɗaya ba lens, R50 kuwa ba ta kai rabin haka ba. Ko Wi-Fi ba ta da shi, sai ka sayi ɗan abin karanta kati ka soka a waya. In rabin kwastomominka ɗalibai ne, marar madubi ce taka, ba gardama. Ka dai sani bazararmu na haura digiri 40, kuma ƙananan kyamarori kan yi zafi in an daɗe ana ɗaukar 4K. Ko R5 da tsadarta ta sha wannan ƙorafin da ta fito a 2020.

Abin da nake hana mutane shi ne sayar da komai a tashi ɗaya. Jiki na tsufa, lens ba ya tsufa haka. Lens ɗin Canon na EF suna hawa sabbin R da adafta kuma suna aiki lafiya, na Nikon ma akwai adaftar FTZ. Har batirin 5D yana shiga R6. Saboda haka wanda ya zuba kuɗinsa a lens mai kyau yau, ranar da ya samu halin R6, ko Z6 II a ɓangaren Nikon, jiki kawai zai saya, 5D ta koma ta biyu a jaka. Wanda kuwa ya kwashe duka ya bayar aka ba shi R50 da lens ɗin kwali, ya koma farko ne.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka duba adadin dannawa. An ƙera shotar 5D Mark III da ta D750 don wajen 150,000, wasu suna wucewa sosai, amma wadda ta kusa kaiwa dole farashinta ya sauka. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta da manhaja. Ka sa f/22 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton sosai, duk datti ko ƙarzuwar sensa zai fito. Ka haska fitilar waya ta cikin lens, in ka ga abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, bar shi. Ka gwada ramukan memori biyun, ka leƙa na CF ɗin 5D da kyau, domin ƙananan allurai ne a ciki kuma suna lanƙwashewa. Mai shagon da ya ce ba lokacin wannan duka, ɗauki kuɗinka ka shiga na gaba.