Baba Ya Cika Saba'in, Ya Ce Ba Ya Son Biki



A watan jiya wani dattijon ikkilisiyarmu ya cika shekara 70. 'Ya'yansa sun gama shiri: za a kama babban ɗakin taro, a fitar da anko, a buga kalanda da hotonsa, a kira makaɗa. Baba ya ce a'a. Ranar ya zo addu'ar asuba kamar kullum, ya ba da gajeriyar shaida, ya sa aka raba wa gwauraye buhun masara biyu, ya koma gida ya ci tuwo da jikokinsa. Wasunku sun ce mana Baba ya kunyata 'ya'yansa, domin za a ce ba su da hali. Mu kam muna ganin ya yi daidai.

Ba mu ce biki zunubi ne ba. Ubangijinmu da kansa ya je bikin aure a Kana. Amma ku duba bikin ranar haihuwar Hirudus a Markus 6. Ya tara manyan Galili, ya yi rantsuwa a gabansu, sannan don kada ya ji kunyar baƙinsa ya sa aka fille kan Yahaya Mai Baftisma. Abin da ake yi don idon mutane haka yake kai mutum inda bai yi niyya ba. Mun sha zama da iyalai da suka ci bashi don bikin yini ɗaya, bayan wata biyu kuma aka rasa kuɗin maganin hawan jini na wanda aka yi bikin dominsa.

Akwai wani tsoho a 2 Sama'ila 19 da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, wato Barzillai mutumin Gileyad. Sa'ad da Dawuda yake gudun ɗansa Absalom, Barzillai yana cikin waɗanda suka kai masa shimfiɗu da hatsi da wake da zuma a Mahanayim. Da tawayen ya ƙare, sarki ya gayyace shi Urushalima ya riƙa ci daga hannunsa. Barzillai yana da shekara 80. Ya gaya wa sarki gaskiya: harshensa ya daina rarrabe daɗin abinci, kunnensa ya daina jin muryar mawaƙa, ba ya so ya zame wa kowa kaya. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu, kusa da kabarin iyayensa, ya ce a tafi da Kimham a madadinsa. Ya san shekarunsa, bai ɓoye su ba, kuma girman da aka miƙo masa sai ya tura shi ga na baya.

Wannan shi ne ƙirga kwanaki da addu'ar Musa take roƙo a Zabura 90, inda aka ce tsawon ranmu saba'in ne, mai ƙarfi ya kai tamanin. Shekara 70 ta haura kwana 25,500. Wanda ya zauna ya tuna da su, da yaran da ya binne, da shekarun da gona ta ƙi, da lokutan da Allah ya fisshe shi, sau da yawa abin da yake bukata shi ne natsuwa da 'yan mutanen da za su saurare shi.

Saboda haka, idan mahaifinka ko mahaifiyarki sun doshi 60 ko 70, ku fara tambayarsu abin da suke so. Ma'aikacin gwamnati kan yi ritaya a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35, kuma daga nan ne masu sallama a ƙofarsa suke raguwa. Kuɗin anko zai iya biyan awon ido, ko gyaran rufin da yake yoyo. Ku je ku zauna, ku ajiye waya, ko kuwa ku ɗauki muryarsu da ita: yaya suka karɓi Almasihu, wa ya yi musu baftisma, yaya aka gina majami'ar farko a ƙauyenku? In sun tafi da wannan labarin, ba mai dawo mana da shi.

Mu da muka haye arba'in, maganar ta shafe mu. Furfura ta fara leƙowa, kuma tsufan da za mu yi yanzu muke shuka shi. Wanda bai saba zama shiru a gaban Allah yana da shekara 25 ba, zai sha wuya ranar da taro ya watse aka bar shi shi kaɗai. Ku ma a ranar haihuwarku mai zuwa, kafin ku sa hoto a Facebook, ku keɓe sa'a guda ku yi lissafi da Mahaliccinku.

Mu yi addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin iyayenmu masu furfura. Ka ba mu zuciyar lura da su tun suna tare da mu, ka kuma sa mu tsufa cikin tsoronka. Cikin sunan Yesu. Amin.