Farantin Yashi Da Allurar Ketamin: Mene Ne Hukuncinsu?

Wani ma'aikacin gwamnati ya rubuto mini takarda cikin tashin hankali. Ɗansa da ke karatu a Amurka ya daɗe yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, magunguna iri biyu sun gaza, yanzu likita ya ce za a yi masa allurar ketamin, kuma bayan allurar za a ajiye masa faranti cike da yashi ya riƙa jera 'yan gumaka a ciki. Uban ya ce, shin wannan ba shaye-shaye ba ne da bugun ƙasa aka haɗa masa da sunan magani? Tambaya ce da ta cancanci amsa a natse, domin ran yaro ne a ciki.

Mu fara da yashin. Wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, ita ta ƙirƙiro wannan dabara a 1929, don ta lura yaro yakan kasa faɗar abin da ke cinsa, amma in aka ba shi kayan wasa sai hannunsa ya faɗa. Daga baya wata mata 'yar Suwizalan, Dora Kalff, ta je ta koya a wurinta a 1956, ta faɗaɗa aikin har ya kai ga manya. Farantin na katako ne marar zurfi, an shafa wa cikinsa shuɗi, yadda in mutum ya ture yashi sai ya ga kamar kogi. A gefe akwai ƙananan gidaje, itatuwa, dabbobi, gadoji da mutane. Majinyaci shi zai zaɓa, shi zai jera, mai magani kuwa ya zauna ya sa ido.

To, a nan bambancin yake. Mai bugun ƙasa shi ke zana ƙasa da hannunsa, ya ce zai gaya maka abin da ke ɓoye da abin da zai faru gobe, watau yana da'awar sanin gaibu, kuma wannan ne shari'a ta hana. A farantin yashi babu wanda ke duban gobe. Mutum ne ya aje 'yar tsana ita kaɗai a bayan katanga, aka tambaye shi wace ce wannan, ya ce ni ne tun ranar da mahaifiyata ta rasu. Abin da ya riga ya sani ne ya fito. Game da siffofin kuma, sananne ne Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (S.A.W.), malamai suka kafa hujja da wannan wajen sassauci ga kayan wasan yara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya yi da duwatsu da itatuwa da gidaje, aikin zai yiwu.

Maganar ketamin ta fi nauyi. An harhaɗa shi a 1962, Amurka ta amince da shi a 1970 a matsayin maganin sa barci lokacin tiyata, kuma har yau asibitocinmu na karkara da shi suke yi wa mata da yawa aikin haihuwa, domin ba ya danne numfashi kamar sauran. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna kaɗan daga cikinsa yana ɗaga ciwon damuwa cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba sai sun yi makonni. Yawanci akan ɗura rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, cikin minti 40. Mutum ba ya barci, amma yakan ji kamar ya rabu da jikinsa, ya ga abubuwa kamar a mafarki. Sauƙin da ake samu sau da yawa ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake haɗa shi da zaman tattaunawa, shi ya sa kuma waɗansu suka kawo yashi: wanda ya farfaɗo yakan rasa kalmar da zai kwatanta abin da ya gani, kafin ya samo ta kuwa abin ya dushe kamar mafarkin asuba. Farantin yakan riƙe masa shi, a ɗauki hoto, a koma kansa a zama na gaba.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Imam Ƙarafi, a cikin Alfuruƙ, ya raba masu gusar da hankali gida uku: muskir, mai kawo maye tare da nishaɗi, kamar giya, mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da murƙid, mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Giya ce najasa, ita ce kaɗan ɗinta ma haramun ne. Sauran biyun an yi rangwame a kansu don magani, har aka halatta a sa mutum barci don a yanke masa gaɓar da ta ruɓe. A ganina ketamin a hannun likita, da awo, ga wanda wasu magunguna suka gaza masa, nan ya faɗa. Wanda ya saya don jin daɗi kuwa ya fita daga rangwamen. Yawan shansa yana lalata mafitsara, yana kama mutum, kuma shi ya yi ajalin ɗan wasan Amurka Matthew Perry a 2023.

Abin da na fi jiye wa yaron shi ne sa'o'in bayan allura, lokacin da zuciya ta yi laushi, abin da aka gaya mata sai ta karɓa. In mai maganin ya shiga fassara masa farantin da aƙidarsa, ya ce wannan siffa ruhun kaza ce, to ya ƙetare iyakar aikinsa, Kalff ma ta yi gargaɗi kan gaggawar fassara. Saboda haka na amsa wa uban cewa ya tambayi abu uku: ko likita mai lasisi zai tsaya yana auna hawan jini har allurar ta sake shi, ko sau nawa za a yi kuma yaushe za a daina, sa'an nan ko yaron ne da bakinsa zai faɗi ma'anar abin da ya jera. Ya kuma tuna masa ya sa lokacin allurar bayan ya yi salla, in kuwa wata ta kuɓuce masa kafin ya dawo hayyacinsa, ya rama.