Daga Bakin Allo: Yaro Da Ido Yake Karatu

A watan Janairun 2022, samari suka far wa juna da adduna da bindigogi tsakanin Nima da Mamobi, hoton bidiyon ya zaga wayoyin Ankara kaf. Ba a yi mako ba, mu malaman firamare muka ga 'yan aji uku suna maimaita faɗan a filin wasa, da sanduna a madadin adduna. Wa ya koya musu? Babu wanda ya zaunar da su. Kallo kawai suka yi.

A kwalejin horon malamai an karantar da mu aikin Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka. A 1961 ya gwada yara 72, 'yan shekara uku zuwa shida. Wasu suka kalli babban mutum yana jibgar wata 'yar tsana ta roba mai suna Bobo, wasu ba su gani ba. Da aka bar su da ita, waɗanda suka kalla suka hau ta da duka, har da irin kalmomin da ya furta.

To, gwajinsa na 1965 ne ya fi tsaya mana a rai. Yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo. Amma da aka yi musu alkawarin tukuici in sun nuna abin da suka gani, sai ga shi duk sun iya. Wato hukunci ya ɓoye darasin ne, bai goge shi ba. Jiran ranar riba yake.

Ribar kuwa a unguwanninmu ba a ɓoye take ba. Ƙaton da ɗan siyasa ya yi hayarsa lokacin zaɓe shi ne ke dawowa da sabon babur, yara na bin sa da tafi. Majalisa ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a 2019, amma yaro ba ya karanta doka, babur yake gani.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Hukumar Ilmi ta Gana ta hana bulala tun 2017, muka yi ta gunaguni, mu da iyaye. Sai dai duk ranar da muka zane yaro don ya doki ƙaninsa, ajin gaba ɗaya ya ga yadda babba ke warware matsala da ƙarami. A makarantun allonmu kuma, dorina tana nan rataye kusa da Malam.