Aska ba ta tsufa ba, amma zamanin aska guda kai goma ya wuce

Yau maganar aski nika so mu taɓa. Ku duba unguwanninmu: kowane lungu akwai salon, samari sun ɗaura madubi, sun sayi tondez, suna neman na kansu. Madalla da wannan, ya fi zaman fada. Amma cikinsu nawa ne za ka miƙa ma aska su sauke maka gemu ba tare da sun fidda jini ba? Ra'ayina shi ne: duk yaron da za shi ci abinci da aski, ya je ya zauna gaban wanzami ya koyi riƙon aska. Shi kuma wanzami ya yarda cewa aska guda ba ta ƙara hawa kai biyu sai an tsarkake ta.

Mu fara da abin da kowa ya gani da idonshi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse kuran ɗin da take ba mu, alhali a lokacin mafi yawan wutar ƙasar nan daga can take zuwa, kuma ba a maido ta ba sai cikin 2024. Watannin nan, mai tondez in babu gurup ko batir sai ya naɗe hannu yana kallon hanya. Wanzami kuwa da zabirarshi da ƙoƙon ruwa da sabulu, gindin bedi ya ishe shi. Sana'ar da ba ta jiran kuran ba ta yardawa ba ce.

To yaya ake koyo? Wanzamai ba su fara ba yaro kan mutum. Wasa aska ake fara koya mashi: a bisa dutse, sannan a bisa fata, har bakinta ya kwanta sumul. Aska mai dakushi ta fi mai kaifi yanka mutum, don ita ce ke sa ka danna. Sai jiƙa gashi. Ruwa mai ɗumi da kumfar sabulu, a ba shi minti biyu ko uku ya yi laushi. Busasshen gashi shi ke karce fata. Hannun da bai riƙe da aska ba shi ke rabin aikin, shi ke jan fata ta miƙe. Askar kuma ba a tsayar da ita tsaye, ba a kwantar da ita gaba ɗaya, kusan digiri 30 tsakaninta da fata. A riƙa ja kaɗan-kaɗan, ana bin inda gashi ya kwanta. Abu ɗaya da ba a yi har abada: jan aska ta gefe kamar mai yanka albasa. Nan take sai jini.

Mai koyo kunci yake farawa, don shi ne shimfiɗaɗɗe. Haɓa, ƙasan hanci, maƙogwaro da bayan kunne sai hannu ya zauna. Ba banza Bahaushe ya ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi ba: wurin ƙarasawa nan ne gaggawa ke ɓata aiki.

Wannan bin kwanciyar gashi ba ado ba ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In an aske shi da baya-baya har ƙasan fata, lokacin da zai tsiro sai ya lanƙwashe ya koma ciki, ƙuraje su feso ga wuya da ƙeya. Samari da yawa na yawo da ƙeya duk gudaji, suna sayen mai kala-kala, alhali matsalar daga hannun mai aski take.

Yanzu ga inda nika so wanzamanmu su saurare ni da kyau, cikin girmamawa. Ciwon hanta da likitoci ke kira epatit B ta jini yake bi, kuma ya fi sida saurin kamu nesa ba kusa ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ƙwayar cutar na iya rayuwa a wajen jiki kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe. Ke nan askar da ta ɗan karci wani ranar kasuwa, aka goge ta da tsumma aka maida zabira, tana iya ɗauke da cutar har kasuwa ta zagayo. Babba in ya kamu, mafi yawa jikinshi na korar ta. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take a hanta, ta yi shiru shekaru, sai mutum ya girma ta fito da kumburin ciki ko kansa. To wa muke ɗora ma aska ranar kwana bakwai? Jinjirin da ko suna bai gama amsawa ba. Askin suna sunna ne, ba mai cewa a bari. Amma sunna ba ta ce a yi shi da askar da ta sauko daga kan wani ba.

Na san amsar da wasu dattawa za su ba ni: gado ne, haka kakanni sunka yi, kuma akwai tsari da tofi. Baba, mun yarda gado ne, shi ya sa ma muke so ya ɗore. Amma kakanni ba su san wannan ƙwaya ba, mu mun sani. Kuma wanzami ba ya son jarfa: wane ne cikinku za shi yarda a aske jikanshi da askar da ya ga ta yanki baƙon da bai sani ba?

Maganin bai da tsada. Akwai aska irin ta zamani wadda ake karya lam biyu a saka rabi a bakinta. Riƙonta da janta duk ɗaya da ta gargajiya, in an gama a jefa lam ɗin cikin gwangwani mai murfi, ba kan bola inda yara ke wasa ba. Wanda kuma bai son rabuwa da askar gado, sai ya tanadi da yawa, kowace in ta yi kai guda a wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20, a shanya. Shafa alkol sau ɗaya da auduga bai isa ba. Masu tondez su ma kar su ce ba ruwansu, don bakin tondez na karce fata, kuma makero na bin shi daga kan yaro zuwa kan yaro.

Fadojin sarakunanmu suna da Sarkin Aska, kuma wanzamai na jin maganarshi fiye da ta rediyo. In shi da ma'aikatan CSI sunka zauna sunka ɗauki matsaya guda, zancen zai shiga ƙauye da sauri. Su wanzamai su buɗe ƙofa ga samarin salon ko ba ƴan gado ba ne, kar hannun ya tafi da tsofaffi. Mu kuma masu kai, mu daina jin kunya. Uban jinjiri da ya iya sayen ragon suna ba zai kasa sayen sabon lam ba. Ya saya, a buɗe takardar gaban idonshi, kuma a kai yaron allurar rigakafi a kan lokaci.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya. Ku isar da wannan ga wanzamin gidanku.