Kada mu maida ɗakunanmu asibiti

'Yan uwa masu saurare na Kalfu da kewaye, hunturu ya shigo da ƙurarshi, tari da toshewar ƙirji sun yi yawa ga ɗiyanmu da tsohhinmu. Mun lura wasu magidanta na sayen aparai mai hura magani a hanci, wasu har da butalin oksijan, ba tare da ordonansin lokotoro ba. Wani daga kasuwar Ƙonni, wani ɗan uwa ne ya aiko mai daga Abijan.

Mun san dalili: tsada da nisan hanya zuwa Tawa cikin dare. Amma ba kowane nishi ne asma ba. Salbutamol buɗe hanyar iska yake yi, ba ya kashe ciwon huhu. In munka tsaya hura ma yaro hayaƙi kwana ukku, cutar na ci gaba da cin shi. Oksijan ma magani ne, sai an auna jini a yatsa ake sanin adadinshi. Ga haɗarin gobara kusa da garwashin shayi. Butalin masu walda kuwa ba na mutum ba ne.

Mu ƙidaya numfashi: jariri ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙirji na lotsawa, to a garzaya CSI wajen majo. Mai asma da lokotoro ya rubuta ma aparai, ya riƙe abinshi, ya bi ƙa'ida.

Allah shi ba mu lahiya.