Cuku da awara

A kasuwar Tanut da ta Belbeji ana sayar da abinci iri biyu masu kama da juna. Ɗaya cuku, ɗaya awara. Duka biyu farare ne, duka biyu daskarar da su ake yi. Saboda haka waɗansu na cewa awara za ta gaji cuku. Wannan magana tana bukatar dubawa.

Awara ba ta da nono ko ɗigo. Da waken suya ake yin ta. A jiƙa waken, a markaɗa, a tace, a tafasa ruwan. Sai a zuba ruwan tsami ya daskare, a matse shi cikin ƙyalle, a yanka, a soya. Mutanen ƙasar Sin sun fi shekara 1000 suna cin irinta. Zuwa Nijar kuwa ta Najeriya ta biyo. Tana da araha, tana gina jiki. Ɗan makaranta mai ƴan canji yana iya saye, ya barbaɗa yaji, ya ƙoshi. Ba wanda zai raina wannan.

Cuku aikin matan Abzinawa da na Filani ne. Da damana, in shanu sun samu ciyawa, madara takan fi ƙarfin masu sha. Ruga tana nesa da kasuwa, madara kuma ba ta jira. Sai mata su jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya mai shan nono, su zuba kaɗan daga ruwan cikin madarar. In ta daskare, su shimfiɗa ta a kan asabari, ruwa ya tsiyaye. Zanen da ake gani a jikin cuku sawun asabarin ne. Daga nan sai shanya. Busasshen cuku yana yin watanni bai lalace ba. Ana cin shi da shayi. Matafiyi yakan daka shi da gero da dabino, ya dama, ya sha a tsakiyar daji.

To, a nan awara ta gaza. In ta kwana biyu cikin zafi sai ta yi tsami. Ba ta zama guzuri, ba ta kai mutum bazara. Ban da haka, waken suya yana son ruwan sama mai yawa, abin da Damargu ba ta da shi. Daga kudu motoci ke kawo shi, rabon mai wake kuma can yake komawa. Kuɗin cuku kuwa hannun matar makiyayi yake shiga, ta sayi gero wurin manomin Damargu.

Har a Turai an yi irin wannan gardama. Can ana daskarar da ƙwayar kashu, a ajiye ta ta daɗe kamar cuku. A shekarar 2017 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa abin da aka yi da tsiro ba za a sayar da shi da sunan cuku ba.

Amma masu cuku ma da nasu laifi. Wata takan shanya shi a fili, ƙura da ƙudaje su sauka a kai. Mai saye ya gani, ya juya wajen kaskon awara, inda mai ke tafasa. Da ana wanke ƙwarya sosai, a rufe shanya da siririn ƙyalle mai tsabta, da ba a rasa wannan ciniki ba.